Tiruvannamalai: Bin Sawun Ramana Maharshi Daga Haikali Zuwa Kogo

Mutanenmu da dama sun san Chennai ta ƙasar Indiya, don can ake yawan kai marasa lafiya asibiti, amma ƙalilan ne suka taɓa barin birnin suka nausa kudu maso yamma. Kimanin kilomita 190 daga can akwai garin Tiruvannamalai, a gindin wani jan dutse mai suna Arunachala wanda tsayinsa ya haura mita 800. A wannan gari ne wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Venkataraman ya sauka ranar 1 ga Satumba 1896, kuma bai sake barinsa ba har ya bar duniya a 1950. Shi ne malamin addinin Hindu da aka sani da Ramana Maharshi. Rayuwarsa ta kusan shekara 54 a garin duk tana shimfiɗe a kan ƙasar da mutum zai taka da ƙafa cikin yini guda, kuma na lura cewa wanda ya bi wuraren bisa jerin yadda ya zauna a cikinsu ya fi saurin gane koyarwarsa.

Kafin komai, mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ya tabbata yana riƙe da katin rigakafin shawara, kuma an yi masa allurar aƙalla kwana 10 kafin ya sauka. Wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida. Agogon Indiya yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Filin jirgin Chennai yana kudancin birnin, wato a kan hanya yake, kuma motocin safa masu zuwa Tiruvannamalai suna tashi daga tashar Kilambakkam da aka buɗe a ƙarshen 2023. Yawancin allunan motocin da rubutun Tamil suke, saboda haka a tambayi kwandasta kafin a hau. Hanya ta bi ta Tindivanam da Gingee, inda tsohuwar ganuwa ke bisa duwatsu uku, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. A cikin gari a-daidaita-sahu ne abin hawa, irin namu sak, kuma a gama ciniki kafin a shiga. Watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi daɗin zuwa. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, Oktoba da Nuwamba kuwa ruwa ake yi.

Masauki iri biyu ne. Ashram ɗin, wato mazaunin malamin da almajiransa, mai kama da zawiyya a wurinmu, yana da ɗakunan baƙi, amma sai an rubuta an nema tun da sauran watanni, kuma kwanaki kaɗan ake ba mutum. Ba a yanka kuɗin ɗaki, abin da mutum ya ga dama yake bayarwa. Wanda bai samu ba sai ya tsallaka titi zuwa unguwar Ramana Nagar, inda gidajen baƙi suke birjik. Ko'ina aka sauka za a karɓi fasfo a cike takardar rajistar baƙi da doka ta wajabta. Ga Musulmi, akwai masallatai a cikin gari, sai dai a tuna cewa alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa.

Na fara daga babban haikalin Arunachaleswara da ke tsakiyar gari, domin nan yaron ya fara shiga. Wurin ya kai kadada 10, yana da manyan hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi huɗu na duniya, ta gabas ita ce babba, tsayinta mita 66. Ana ajiye takalmi a ƙofa, kuma daga hantsi duwatsun daɓen sukan yi zafin da ba ya takuwa, shi ya sa sammako ya fi. A Janairun 2024 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin kada waɗanda ba Hindu ba su wuce turken tuta a haikalan jihar Tamil Nadu, wadda garin yake cikinta. Abin da mai bin tarihin Ramana yake nema yana farfajiyar waje, kafin a kai can: zauren nan mai ginshiƙai dubu, a hannun dama idan an shigo ta gabas.

Abin da ya kawo shi ya faru ne a birnin Madurai, inda baffansa yake zaune. An haife shi ranar 30 ga Disamba 1879 a Tiruchuzhi, mahaifinsa ya mutu a 1892, sai aka kai shi gidan baffansa, yana karatu a makarantar mishan ta Amurkawa. A tsakiyar Yulin 1896, yana zaune shi kaɗai a ɗakin bene, lafiyarsa ƙalau, sai tsoron mutuwa ya rufe shi. Bai kira kowa ba. Ya kwanta ya miƙe gaɓoɓinsa kamar gawa, ya rufe baki, ya riƙe numfashi, ya tambayi kansa mene ne yake mutuwa. Abin da ya ce ya gani shi ne jiki ne ake ɗauka a ƙone, amma sanin nan na "ni" bai ragu da komai ba. Duk koyarwar da ya yi daga baya, daga wannan 'yar gajeruwar sa'a ta fito. Bayan makonni shida, ranar 29 ga Agusta, yayansa ya ba shi saƙon rupi biyar na kuɗin makaranta. Ya ɗauki uku, ya bar biyu tare da wasiƙa cewa ya tafi neman Ubansa, wato Ubangiji, bisa umarninSa, kada a yi baƙin ciki, kada kuma a kashe kuɗi wajen nemansa. Tsohuwar taswira ya duba, ya yanki tikitin Tindivanam. A cikin jirgin ƙasa wani dattijon malami Musulmi ne ya faɗa masa cewa akwai sabon layi daga Villupuram da ke bi ta Tiruvannamalai. Kuɗi suka ƙare masa a hanya, ya yi tafiyar kusan kilomita 16 a ƙafa, ya jinginar da 'yan kunnensa a kan rupi huɗu. Da ya iso ya aske kansa, ya jefa sauran kuɗin a tafkin Ayyankulam, ya yagi ƙyalle ya yi bante. Banten nan ne suturarsa har ƙarshen ransa.

A zauren ginshiƙan ya fara zama shiru, yara suna jifansa da duwatsu. Sai ya gangara wani ɗan ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Patala Lingam, wanda a lokacin duhu ne da danshi. Ƙwari suka cinye masa cinyoyi har suna fitar da jini da mugunya bai sani ba, sai ɗauko shi aka yi a hannu. Yanzu an gyara wurin, da matakala da fitila, amma ƙuncinsa yana nan. Daga nan ya zauna a wurare da dama a gefen gari. A ƙarshen 1898 mahaifiyarsa Alagammal ta same shi tana kuka tana roƙon ya koma gida. Bai yi magana ba, sai ya rubuta mata cewa abin da aka ƙaddara ba zai faru ba, duk ƙoƙari ba zai sa ya faru ba, wanda kuma aka ƙaddara zai faru ba mai hana shi, don haka shiru ya fi. Ta koma ba tare da shi ba.

Yawancin baƙi daga ashram suke hawa dutsen, su sauko ta cikin gari. Ni shawarata a juya: a fito ta hasumiyar yamma, a tsallaka titi, a bi lungun da ya ratsa gidaje ya hau sama. Hanyar ta fi tsayi a tsaye, amma ita ce ta bi tarihin daidai. Cikin kusan rabin awa za a kai kogon Virupaksha, inda ya zauna daga 1899 zuwa 1916. Ƙaramin wuri ne mai duhu, ba ya ɗaukar mutane da yawa, kuma iska ba ta shiga sosai, shi ya sa da bazara shi kansa yakan koma wani kogo na kusa da ke gindin mangwaro. Ana cire takalmi a ƙofa, ba a magana a ciki. A taho da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, a saka shi cikin jakar goyo, domin birai sun san leda, suna ganinta a hannu za su fizge. Masu tare mutum su ce za su yi masa jagora ba a bukatarsu, hanyar a fili take. Ƙofofin kogunan sukan buɗe bayan ƙarfe takwas na safe su rufe wajen huɗu da rabi na yamma.

A zamanin zaman kogon ne, a 1902, wani ma'aikacin ofishin haraji mai suna Sivaprakasam Pillai ya riƙa kawo masa tambayoyi, shi kuma yana rubuta amsa a kan yashi ko allo. Waɗannan amsoshi ne aka buga a 1923 da sunan Nan Yar, wato "Wane ne ni?", ɗan littafin da ake karance shi a zama guda. A 1907 kuma wani babban masanin Sanskrit, harshen tsoffin littattafan Hindu, Ganapati Muni, ya zo masa da damuwarsa, ya samu amsar da ta gamsar da shi, shi ne ya raɗa masa sunan Ramana Maharshi.

Daga Virupaksha hawan minti goma zuwa sha biyar ne zuwa Skandashram, inda ya zauna daga 1916 zuwa 1922. Wani almajiri mai suna Kandaswami ne ya share wurin da hannunsa ya dasa itatuwa, kuma akwai maɓuɓɓugar ruwa. Daga bakin dutsen da ke kusa ana hango haikalin gaba ɗaya a ƙasa. A nan mahaifiyar, wadda ta riga ta dawo wurinsa, ta zauna tare da shi tana dafa abinci, kuma ɗan ƙaramin ɗakin da ta cika a ciki ranar 19 ga Mayu 1922 yana nan. Ya zauna a gefenta tun safe har dare, hannunsa na dama a ƙirjinta, na hagu a kanta. Da yake ba a binne gawa a kan dutsen, aka sauko da ita gindinsa ta kudu. Ya riƙa saukowa kabarin kullum, har wata rana a Disamban shekarar ya sauko bai koma ba. Haka aka kafa ashram ɗin, da bukkar ciyawa guda.

Hanyar da ya riƙa bi ita ce ake gangarawa yanzu, kusan kilomita ɗaya da rabi, an jera mata duwatsu. Tsofaffin hotuna sun nuna dutsen tsirara, inuwar da ake samu a yau aikin dashen da aka fara a ƙarshen shekarun 1980 ne. Hanyar tana ƙarewa a ƙofar baya ta ashram, kusa da wasu ƙananan kaburbura huɗu: na saniya Lakshmi da ta mutu a 1948, da na barewa, da kare, da hankaka. Ya ɗauki dabbobi da muhimmanci ƙwarai, kuma har yau ɗawisu da birai suna yawo a harabar ba mai korarsu.

Ashram ɗin a buɗe yake ga kowa, ba a tambayar addini, ba a karɓar kuɗin shiga. Akwai haikalin da aka gina bisa kabarin mahaifiyar aka kammala a 1949, da babban zaure bisa nasa kabarin, da ɗakin cin abinci, da garken shanu, da makarantar yara masu haddar Veda, littattafai masu tsarki na Hindu. Safe da yamma yaran suna karatu da ƙarfi a gaban kabarin, ana kuma yin ibadar Hindu da madara da furanni da wuta. Bayan an gama akan miƙo tire mai toka da jan gari don shafawa a goshi. Wanda ba ya so, ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan ja da baya, ba wanda zai ce masa uffan. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe ana ciyar da masu gudun duniya da talakawa a bakin ƙofa, kafin mazauna gidan su ci nasu da sha ɗaya da rabi. Wannan tsari na fara ciyar da mabukata tun zamaninsa yake. A ɗakin cin abinci a ƙasa ake zama sahu-sahu, a shimfiɗa ganye, a bi da bokiti ana zuba shinkafa, da miyar sambar, da romon rasam mai tsamiya da barkono, a rufe da tsala. Babu nama, babu ƙwai. Idan ya ishe ka sai ka kifa tafin hannu a saman ganyen, kuma kada ka karɓi abin da ba za ka cinye ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne tsohon zaure, ɗaki mai sauƙi inda ya zauna daga 1928 zuwa 1949 a kan doguwar kujera guda, dare da rana, ƙofa a buɗe. Yanzu hotonsa ne a kan kujerar, mutane suna zaune a ƙasa shiru. A nan ne ya kamata a fahimci aikin da ya koyar, wanda suke kira atma vichara, wato binciken kai.

Ga yadda yake. Mutum ya zauna, tunani ya taso, ko na bashi ne ko na wata magana da aka gaya masa. Kada ya bi tunanin ya ga ƙarshensa, kada kuma ya yi kokawa da shi. Ya tambaya: wa wannan tunani ya zo wa? Amsa za ta zo, ni. Sai ya juya hankalinsa kan wannan jin na "ni" kansa, ya nemi inda yake tasowa. Da zarar hankali ya koma can, tunanin farko ya faɗi da kansa. Wani ya taso, a sake. Hujjarsa ita ce duk wani tunani a kan tunanin "ni" yake rataye, sai akwai "ni" sannan ake samun "kai" da "shi". A barci mai nauyi wannan tunani ba ya nan, amma mutum yana nan, tunda ya farka yana cewa ya yi barci mai daɗi. Abin da ke wanzuwa a farke da mafarki da barci shi yake nufi da ainihin kai.

Inda ake kuskure sananne ne, kuma shi da kansa ya yi ta gyara wa mutane. Na farko, mayar da tambayar wuridi, a yi ta maimaita "wane ne ni" da baki, alhali an yi tambayar ne don a juya hankali, da ta yi aikinta sai a bar ta. Na biyu, neman amsa da kalmomi, irin "ni ruhi ne", wanda shi ma wani tunani ne aka ƙara. Na uku ya fi wuyar ganewa: mutum ya faɗa wani shiru mai daɗi mai kama da gyangyaɗi, wanda suke kira laya, ya ɗauka ya isa, bayan ya farfaɗo kuwa halinsa na nan yadda yake. Maganinsa a tambaya wa shirun ya zo wa. Na huɗu, da yake ya ambaci zuciya a gefen dama na ƙirji, wasu sai su ƙura hankali a kan wani wuri a jiki, alhali aikin ba na duban gaɓa ba ne. Game da riƙe numfashi ya ce taimako ne kawai, hankali yakan lafa muddin ana riƙe da shi, a saki ya koma yawonsa. A abinci ya ba da shawarar mai sauƙi, marar nama, kuma daidai ciki. Bai yarda mutum ya bar iyali ko sana'a ba, ya sha mayar da masu neman izinin yin haka, yana cewa hankalin da ya dame su a gida shi zai bi su daji.

Ga wanda binciken ya yi wa nauyi ya ba da hanya ta biyu, miƙa wuya gaba ɗaya ga Ubangiji. Misalin da ya bayar shi ne na fasinjan jirgin ƙasa da ya shiga ya zauna amma ya ƙi sauke kayansa daga ka, alhali jirgin ne ke ɗauke da shi da kayan. Mai karatu Musulmi zai ji ƙamshin tawakkali a nan, kamar yadda zai ji na ƙaddara a wasiƙar da ya rubuta wa mahaifiyarsa. Amma kada kamannin ya ruɗe mu. Tushen koyarwarsa Advaita ne, aƙidar da ke cewa ainihin kai da Ubangiji ba biyu ba ne, kuma shi ya ɗauki dutsen Arunachala a matsayin Shiva kansa, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu. Tauhidi ya raba Mahalicci da abin halitta rabuwa ta har abada. Ni a kan tauhidi nake, kuma na ga cewa faɗin bambancin a fili ya fi girmama mutumin a kan a lanƙwasa maganarsa ta zama tamu.

Abin da ya kama zuciyata halinsa ne. Yakan tashi tun wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare ya shiga kicin yana yanka kayan miya. Ba ya barin ƙwayar abinci ta lalace, yana ɗinka ganyen cin abinci, yana ɗaure littattafai da hannunsa. Ba ya karɓar wani abin ci sai an raba wa kowa daidai, kuma ba ya taɓa kuɗi, ƙanensa ne ya riƙe harkar gudanarwa. A Yunin 1924 ɓarayi suka shigo da dare suka doke shi a cinya, ya hana almajirai ramawa. Sai dai bai rushe tsarin bambancin aji na gado na zamaninsa ba: a ɗakin cin abinci akwai shamaki tsakanin Brahmin, wato ajin malaman addini, da sauran jama'a, shi kuma yana zama a inda ɓangarorin biyu ke ganinsa.

A ƙarshen 1948 wani ƙari ya fito masa a hannun hagu kusa da gwiwar hannu, ya zama ciwon daji. An yi masa tiyata sau huɗu, likitoci suka nemi yanke hannun ya ƙi. Aka mayar da shi wani ɗan ɗaki da ke fuskantar haikalin mahaifiyarsa, jama'a suna wucewa a layi suna ganinsa har ranar ƙarshe. Masu kuka cewa zai tafi ya bar su, ya tambaye su ina zai je, ai yana nan. Ya cika ranar 14 ga Afrilu 1950 da ƙarfe 8:47 na dare. Ana leƙa ɗakin ta gilashi, ga gadonsa, da sandarsa, da butarsa. Bai naɗa magaji a koyarwa ba, zuriyar ƙanensa ce ke kula da gidan.

Saura zagayen dutsen, wanda suke kira girivalam. Kilomita 14 ne a kan titi, ana barin dutsen a hannun dama, masu ibada ba takalmi suke yi, suna tsayawa a wuraren bauta takwas da ke fuskantar kusurwoyi takwas. Ramana ya yi shi sau da yawa har zuwa 1926, kuma ya ce a yi shi a hankali. Ga mabiyansa ibada ce, don haka Musulmin da ke son ganin bayan dutsen ya san abin da yake yi, yana iya ɗaukar a-daidaita-sahu ya kewaya cikin ƙasa da awa guda. A ƙafa awa uku da rabi zuwa huɗu ne, kuma wanda bai saba ba tsakuwar gefen kwalta takan fasa masa tafin ƙafa tun kafin rabin hanya. A fara da asuba ko bayan la'asar. Daren da wata ya cika dubban ɗaruruwan mutane ne ke cika titin, ana tsayar da motoci a tashoshin wucin gadi a wajen gari, kuɗin ɗaki kuma ya ninka. Cunkoson ya fi tsanani a bikin Karthigai Deepam, tsakanin Nuwamba da Disamba, lokacin da ake hawa da wata ƙatuwar tukunya ƙololuwar dutsen, a cika ta da man shanu na tan-tan, a yi lagwani da dogon yadi, a kunna da faɗuwar rana har kwana goma ko fiye. Hawa ƙololuwar sai da izinin hukuma, kuma bayan zaftarewar ƙasa ta 1 ga Disamba 2024, wadda guguwar Fengal ta jawo ta kashe mutum bakwai a wani gida a gindin dutsen, an hana jama'a hawa a bikin shekarar. Mai jirgin da zai kama a Chennai ya duba kalandar wata tun kafin ya yanki tikiti, ya bar garin kwana biyu kafin cikar wata ko ya jira kwana biyu bayanta.